Yatsun Kafintocinmu: Tarihin Injin Zarto Daga Ingila Zuwa Dutse

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin domin waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba.

Yau za mu huta da siyasa. Maganar hannu za mu yi, hannun kafinta. Kafin mu shiga, ɗan ɗaga kai ka dubi ɗakin da kake zaune. Ƙofar nan, gadon nan, katakon da ke riƙe da kwanon da ke saman kanka, bencin da ka zauna a kai tun firamare. Kowane ɗaya daga cikinsu, wani ne ya tura katakonsa cikin inji da hannunsa, yatsunsa na wucewa kusa da ƙarfen da ke juyawa da gudun da ido ba ya iya bi.

Abin da ya jawo wannan shiri

Shekara uku da suka wuce, bayan kaka, lokacin da bukukuwan aure suke kankama, aka kira ni a waya dab da magariba. Ɗan ƙanwar mahaifiyata ne, yaro ɗan shekara 17, yana koyon kafinta a wani shago a nan cikin Dutse. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan faɗi shagon ba, domin ba tonon asiri ya kawo mu ba.

Ga yadda abin ya faru. Akwai gadon amarya da za a kai ranar Juma'a. An ɗauke wuta tun safe, ba a kawo ba sai bayan la'asar, don haka kowa sauri yake a ci gajiyarta kafin a sake ɗaukewa. Aka ba shi wani siririn katako ya tsaga. Katakon ɗanye ne, bai gama bushewa ba. Yana turawa, ya kusa ƙarshe, sai ya miƙa hannun hagu bayan zarton domin ya jawo. Shi kenan. Ya ce min shi bai ma ji zafi ba da farko, ƙara kawai ya ji, katakon ya daki ƙirjinsa, ya duba sai ya ga jini. Manuniya ta tafi, ta tsakiya ta tafi, babban yatsan ya tsage.

Aka naɗe hannun da tsumma, aka goya shi a babur zuwa asibiti. Yatsun da suka gutsure kuwa aka bar su cikin dusar katako, babu wanda ya san ana ɗauka.

A bakin asibiti na ji magana iri biyu. Wasu suka ce ƙaddara ce. Wasu suka ce sakacinsa ne, yaran yanzu ba sa natsuwa. Maigidansa, wallahi mutumin kirki ne, shi ya biya kuɗin magani, har da hawayensa. Na ce masa, "Baba, yaya aka yi haka?" Sai ya ɗaga min hannunsa na dama, na ga shi ma babu rabin yatsa ɗaya. Ya ce, "Ɗana, duk wanda ya daɗe a sana'ar nan sai inji ya karɓi zakkarsa."

Wannan magana ta hana ni barci. Shin haka abin yake a ko'ina? Daga ina injin nan ya zo, kuma su waɗanda suka ƙirƙire shi haka suke ba shi yatsunsu? Abin da na gano da na shiga karatu shi ne na kawo muku yau. A taƙaice: injin ya zo mana, amma kariyar da aka yi masa a can an bar ta a hanya.

Kafin inji, akwai gizago

Bahaushe ya daɗe yana sarrafa ice. Sassaƙa tana cikin tsofaffin sana'o'inmu na gado, tare da ƙira da jima da saƙa da rini, har da sarautarta. Masassaƙi shi ke yin turmi da taɓarya, akushi, ƙotar fartanya, kujerar tsugunno ta mata, allon karatu, sirdin doki, gangar makaɗi. Ya san icensa kamar yadda ya san 'ya'yansa: kirya don turmi saboda ƙarfinta, aduwa don allo, marke, maɗaci, kanya. Rufin soro kuwa da azarar giginya ake yi. Har yau in ka shiga kasuwannin ƙauye irin ta Shuwarin, za ka tarar da turame da ƙotoci a jere.

Kayan aikinsa gatari ne da gizago. Suna yanka mutum? Ƙwarai kuwa. Amma ku lura da wani abu. Gizago ƙarfinsa daga damtsen mai shi yake. In hannu ya tsaya, gizago ya tsaya. Ya sare ka sau ɗaya, ka ji zafi, ka saki. Kuma yaro yakan yi shekaru yana kallon mahaifinsa kafin a miƙa masa. Ilimin kare kai yana tafiya ne tare da ilimin sana'ar, daga uba zuwa ɗa, domin babu uban da ke son ganin jinin ɗansa.

Zuwan katako da kafinta

Ita kanta kalmar kafinta ta nuna daga ina sana'ar ta zo, daga bakin Turawa muka aro ta. Bayan da Turawan Ingila suka ci Kano a 1903, sun buƙaci ofisoshi da gidaje da tebura da ƙofofi irin nasu. A 1909 Hans Vischer, wanda muka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa a Kano, kuma a cikinta akwai sashen koyon sana'o'in hannu, har da aikin kafinta. A 1911 layin dogo ya iso Kano. Jirgin da ke kwasar gyaɗa da fatu zuwa Ikko, shi ke dawowa da kwanon rufi da ƙusa da katakon dazukan Kudu. Zuwa 1930 reshen Kano zuwa Nguru ya ratsa ƙasar da yau muke kira Jigawa, ta Ringim da Malam Madori. A can Kudu kuwa garin Sapele ya zama cibiyar katako, inda kamfanin UAC ya kafa katafariyar masana'antar tsaga katako wadda ta yi suna a duniya.

Sannu a hankali rufin kwano ya fara ture rufin azara da jinka. Kayan ɗakin amarya ma suka sauya. Kakanninmu jeren ƙwarya da kwalla da tasoshi suka sani. Yau kuwa sai gado da wadurob da madubi da saitin kujeru, in ba haka ba a shiga bakin dangi.

Mu a nan, babban juyin ya zo ne ranar 27 ga Agusta, 1991, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Jigawa daga Kano, ta mai da Dutse babban birni. Garin da a da kowa ya san kowa, sai ga ma'aikata sun kwararo, ana neman ofis, ana neman gidan haya. Daga 2007 zuwa 2015, zamanin Sule Lamido, gine-gine suka ƙara yawa, a 2011 kuma aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse, ɗalibai suka zo, aka shiga gina ɗakunan haya. Kowane ɗaki yana son rufi, yana son ƙofa, yana son gado. Zarton hannu ba zai iya da wannan aiki ba. Haka injin tsaga katako ya bazu a Dutse da Kiyawa da Birnin Kudu da Jahun, katako na zuwa daga Kudu ko daga 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano.

To amma wane irin inji? Da yawa daga cikin waɗanda nake gani haɗin gida ne. Mai walda ya haɗa tebur na ƙarfe, a ɗaura mota a ƙasa, a sa bel, a ɗaura faifan zarto, shi kenan an fara aiki. Wannan basira ce, ba na raina ta. Wasu kuma tsofaffi ne 'yan kwatano da aka shigo da su, murfinsu ya ɓace tun a hanya, ko kuma an cire shi an jefar wai yana hana ganin layi. Kuma mai koyo yanzu ba ɗan gado ba ne da ya tashi yana kallo tun yana rarrafe. Yaro ne da aka kawo don kada ya yi zaman banza, wata uku huɗu an sa shi a gaban inji.

Me ke faruwa a kan teburin nan?

Zarto mai juyawa ya haura shekara 200 a duniya. A 1777 wani mutumin Southampton a Ingila, Samuel Miller, ya yi rajistar wani inji da ke aiki da faifan zarto, kuma ana yawan ambatonsa cikin na farko-farko. A farkon ƙarni na 19 ana amfani da irinsa a ma'aikatar jiragen ruwan yaƙin Ingila a Portsmouth. Da lantarki ya zo, sai injin ya ƙanƙance ya shiga ƙananan shaguna.

Bari mu yi ɗan lissafi tare. Faifan zarto mai faɗin inci 10 yana juyawa kusan sau 4,000 a minti ɗaya. In yana da haƙora 40, kenan a daƙiƙa ɗaya haƙora sama da 2,600 ne ke wucewa ta wuri guda. Gefen faifan yana gudun kusan kilomita 190 a awa. Shi kuwa ɗan Adam, daga lokacin da abu ya taɓa shi zuwa lokacin da zai janye hannu, yana cin kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Kafin ƙwaƙwalwarka ta ce janye, haƙora sun fi 500 sun bi ta kan yatsan. Ka ga kenan duk zafin namanka, duk gwanintarka, ba za ka riga shi ba.

Sannan akwai abin da ya faru da ƙanina, wato katako ya yi tutsu ya dawo baya. Haƙoran gaba na faifan ƙasa suke yi, su ke yanka. Haƙoran baya kuwa sama suke tasowa, suna nufo mai aiki. In katako ɗanye ne ko karkatacce, tsagar da aka yi takan rufe ta matse bayan faifan. Nan take haƙoran baya su cafki katakon su wurgo shi da ƙarfi. In hannunka na bayan faifan, katakon zai jawo shi ya ɗora a kan haƙora. Shi ya sa tsofaffin ma'aikata ma, masu shekara 30 a sana'a, suke rasa yatsu. Gwaninta tana rage haɗari, amma gajiya da sauri da ɗanyen katako ba sa tambayar shekarunka a aiki.

Abin da aka gane tun 1922

Turawan Ingila sun sha wannan wahala kafin mu. Masana'antunsu na ƙarni na 19 sun ci hannaye da rayuka ba adadi, har da na ƙananan yara. Ma'aikata suka yi ta gwagwarmaya, aka yi ta kafa dokokin masana'antu, aka naɗa sufetoci masu zagayawa. A 1922 suka fitar da ƙa'idoji na musamman kan injinan katako. A ciki aka wajabta abubuwa masu sauƙi a kan zarton tebur.

Na ɗaya, wani siririn ƙarfe mai lanƙwasa da ake kafawa dab da bayan faifan, a kan layi ɗaya da shi. Mu kira shi wuƙar baya. Ba ya yanka komai. Aikinsa ya shiga cikin tsagar ya hana ta rufewa, ya kuma tare haƙoran baya. Na biyu, murfi a saman faifan. Na uku, rufe ɓangaren faifan da ke ƙarƙashin tebur. Na huɗu, sandar turawa, wato ɗan guntun katako mai baki da ake tura aiki da shi in an zo ƙarshe, domin in zarto zai ci, ya ci sanda.

Ku duba shekarar fa, 1922. Sama da shekara 100 kenan. Kuma a cikin abubuwan nan huɗu babu wanda mai waldan unguwarku ba zai iya yi ba.

Mu ma a Najeriya muna da doka a takarda. Tun kafin samun 'yancin kai, a shekarun 1950, aka yi dokar masana'antu, tare da ƙa'idojin da suka shafi injinan katako. An sabunta dokar a 1987, kuma ta wajabta a killace sassan inji masu haɗari, a kuma koyar da mai aiki kafin a sa shi a gaban inji. A 2010 aka yi dokar biyan diyya ga ma'aikatan da suka ji rauni a wurin aiki, wadda hukumar NSITF ke kula da ita, inda mai ɗaukar aiki ke zuba kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa. To amma yaron shago ba shi da albashi, ba shi da takardar ɗaukar aiki, kuɗin abinci ake ba shi da na sabulu. Dokar tana Abuja, shi kuma yana ƙarƙashin rumfar kwano.

Mutumin da ya koya wa zarto gane nama

Yanzu mu tsallaka Amurka, domin a can ne aka yi wani labari da ya kamata ku ji. Duk da murfi da wuƙar baya, hukumar da ke kula da lafiyar kayan masarufi ta ƙasar, wato CPSC, ta ƙiyasta cewa a kowace shekara mutum kusan 30,000 ne ke zuwa sashen gaggawa na asibiti saboda faifan zarton tebur ya taɓa su, kuma kusan 4,000 daga ciki yatsa ko wani sashen hannu ke gutsurewa. Ƙasa mai kuɗi da ilimi kenan fa.

A 1999 wani mutum a jihar Oregon mai suna Steve Gass, wanda ya yi digirin digirgir a kimiyyar fizis, lauya ne kuma mai sha'awar aikin katako, ya tambayi kansa: zai yiwu zarto ya bambance katako da naman mutum? Amsar tana cikin abin da kake yi yanzu haka da wayarka. Me ya sa fuskar waya take jin yatsanka amma ba ta jin tsinken sakace? Saboda jikin mutum yana ɗaukar lantarki, busasshen ice kuwa ba ya ɗauka. Sai Gass ya saka wata 'yar ƙaramar wutar lantarki a jikin faifan, wadda ba ta jan mutum, da na'urar da ke sa mata ido. Da zarar fata ta taɓa haƙori, wutar ta sauya, sai na'urar ta ƙona wata siririyar waya da ke riƙe da sifirin, sifirin ya cilla wani dunƙulen alminiyam cikin haƙoran. Faifan ya tsaya cik, ya nutse ƙarƙashin tebur. Duka wannan cikin ƙasa da kashi 5 cikin 1,000 na daƙiƙa. Maimakon yatsa ya tafi, sai a tashi da ɗan ƙwarzane.

Ya sa wa abin suna SawStop. A 2000 ya kai shi wani babban baje kolin kayan aikin katako a Atlanta, yana gwadawa da tsiren nama irin nasu na Turawa a madadin yatsa. Shi da kansa ma ya taɓa gwadawa da yatsansa.

Kai ka ce kamfanoni za su yi rububi. Ina! Babu babban kamfanin da ya karɓa. Sun ce zai ƙara tsadar inji, sun ce kason da yake nema ya yi yawa. Masu sukar kamfanonin kuma suka ce tsoro suke, domin in aka tabbatar akwai maganin abin, duk wanda tsohon injinsu ya yanka zai iya maka su a kotu. Gass da abokansa suka kai koke gaban CPSC a 2003 suna neman a wajabta fasahar, a 2004 kuma suka fara sayar da injinsu da kansu.

A 2010 wata kotu a jihar Massachusetts ta ba wani ma'aikaci mai suna Carlos Osorio diyyar dala miliyan 1.5, bayan injin Ryobi ya lalata masa hannu, bisa hujjar cewa fasahar kariya tana nan amma ba a sa ba. Sai dai shi ma Gass ba a bar shi ba. Da kamfanin Bosch ya fito da nasa injin mai gane fata, SawStop ta kai ƙara cewa an taka haƙƙin ƙirƙirarta, kuma a 2017 aka hana shigo da injin na Bosch Amurka. Mutane suka ce, to kai da kake cewa ceton yatsu kake, ga wani ya zo ceto ka tare ƙofa? A wannan shekarar ce kuma wani kamfanin Jamus, uwar kamfanin Festool, ya saye SawStop. A farkon 2024 shugaban SawStop ya yi alkawarin sakin wani muhimmin haƙƙin ƙirƙira ga kowa in har an kafa dokar. A 2025 hukumar ta janye shirin dokar gaba ɗaya. Fiye da shekara 20 ana ja-in-ja, yatsu na zuba.

Darasin da na ɗauka a nan: samun fasaha daban, isarta hannun talaka daban. Tsakaninsu akwai kuɗi, akwai kotu, akwai siyasa.

Mu kuma fa?

Na san wani zai ce, to gwamnati ta sayo mana SawStop mana. Mu yi wa kanmu adalci. Mafi arha a cikin injinan ya doshi dala 1,000, wato ya haura naira miliyan ɗaya kafin kuɗin jirgi da na kwastam. Duk lokacin da birkin ya tashi, sai an sauya shi, galibi har da faifan. Kuma ɗanyen katako mai ruwa yana ɗaukar lantarki, yana iya tayar da birkin a banza, shi ya sa aka yi masa makunnin kashe kariyar. Mu da yawancin katakonmu da ɗanyensa yake zuwa, kun san abin da zai faru: a kashe kariyar a ci gaba da aiki. Irin wannan inji wurinsa makarantun koyon sana'a da cibiyoyin horar da matasa na gwamnati, inda sababbin hannaye ke fara taɓa zarto. A can ya kamata mu nema, kuma mu nema da ƙarfi.

Amma shagon unguwa, maganinsa yana nan tun 1922, kuma kuɗinsa bai kai na buhun siminti biyu ba in za a yi.

A sa wa kowane inji wuƙar baya. Kaurinta ya ɗan fi jikin faifan, amma kada ya kai faɗin tsagar da haƙora ke yi, kuma ta zauna daidai bayan faifan. A sa murfi a sama, a rufe bel da ƙasan tebur. A rataye sandar turawa a jikin kowane inji, daga ragowar katakon da ake zubarwa za a yanke ta, minti biyar ya isa. A sa makunnin kashewa inda hannu ko gwiwa za su kai nan take. In an ɗauke wuta, abu na farko a kashe inji, domin in ta dawo kada ya tashi da kansa hannun wani na kai. Kada a sauya faifai ko a share dusa sai an zare waya daga soket. Kada a miƙa hannu bayan faifan yana juyawa, kada a tsaya a saitinsa. A wasa haƙora, domin dakusasshen zarto shi ke sa a tura da ƙarfi. Babbar riga, hannun kaftani mai faɗi, zobe, carbi a wuyan hannu, abin jin kiɗa a kunne, duk a ajiye su. Safar hannu ma haɗari ce a gaban faifai, domin in haƙori ya kama zare zai ja hannun gaba ɗaya. Kuma yaron da bai ƙware ba kada a bar shi shi kaɗai da inji, balle a daren da ake saurin kai kayan biki.

Mu masu ba da aiki ma muna da namu laifin. Kai ne ka kawo kuɗin gado saura kwana huɗu biki, kana kira kowace awa kana zagi. Wannan saurin a jikin wani yake ƙarewa.

In abin ya riga ya faru

Wannan ɓangaren ku adana shi. A danne raunin da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun sama da ƙirji. Kada a zuba fetur, ko baƙin mai, ko tina, ko dusar katako, ko toka, ko gam. A nemo yatsan da ya gutsure, a ɗauraye shi a hankali da ruwa mai tsabta, a naɗe a tsumma mai ɗan danshi, a sa a leda a ƙulle, sannan a sa wannan ledar cikin ruwan ƙanƙara. Kada ƙanƙara ta taɓa naman kai tsaye. A tafi asibiti nan take, ba kemis ba, a kuma yi allurar tetanus. Tun 1965 likitoci biyu a Japan, Komatsu da Tamai, suka yi nasarar mayar da babban yatsan da ya gutsure gaba ɗaya. Ba kowane yatsa ne ke mayuwa ba, musamman wanda zarto ya daddatsa, amma likita ne zai yanke wannan hukunci, kuma in aikin ya fi ƙarfin inda aka je, akwai manyan asibitoci a Kano irin su asibitin ƙashi na Dala. Likitoci sun ce babban yatsa kaɗai yana ɗauke da kusan kashi 40 cikin 100 na aikin hannu. Abu ne da ya cancanci a yi masa gudu.

Maganar ƙaddara

Mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa tawakkali yana zuwa ne tare da riƙo da sababi. Muna kulle shago da dare, ba ma cewa in ɓarawo zai zo ƙaddara ce. Muna sa wa rijiya murfi saboda yara. To me ya sa zarto ne kaɗai za a bari tsirara a ce zakka yake karɓa?

Ƙanina yanzu yana sayar da katin waya da caji a bakin titi. Alhamdulillahi yana samun na abinci. Amma ranar da muka je a ɗauki hoton yatsunsa don buɗe asusun banki, na ga yadda ya ɓoye hannun a aljihu har aka zo kansa. Maigidansa kuwa, bayan mun zauna da shi na nuna masa hoton wuƙar baya a waya, ya kira mai walda a ranar. Ya ce min, "Ɗana, shekara 30 ina wannan aiki, babu wanda ya taɓa nuna min wannan ƙarfen." Ba taurin kai ba ne ya hana shi, ba a gaya masa ba ne.

Saboda haka ga roƙona. Shugabannin ƙungiyoyin kafintoci da na 'yan katako a Dutse da kewaye, ku buɗe littafi, duk wanda inji ya yanka a rubuta rana da irin injin da yadda abin ya faru. Mutanen Amurka sun iya yin faɗan shekara 20 ne saboda suna da lamba a hannu. Masu walda, kada ku ƙara miƙa teburin zarto babu wuƙar baya da murfi. Iyaye, kafin ku damƙa ɗanku, ku je ku ga injin da idonku. Mu kuma matasa, ranar 28 ga Afrilu ita ce ranar kiyaye lafiya a wurin aiki ta duniya. Kafin ta zagayo, kowa ya ziyarci shagon kafinta ɗaya a unguwarsu, da ladabi, ya gaishe da maigida, ya nuna masa wannan rubutu ko ya kunna masa shirin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle hannun da babu yatsu.

In kai kafinta ne, ko kana da ɗan uwan da inji ya taɓa, ka ba mu labari a ƙasa, ba sai ka ambaci suna ba. Ku tura wa wanda kuka san zai amfana. Allah Ya tsare hannayen masu nema, Ya sa albarka a sana'o'inmu. Sai mun haɗu a mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.